HAƘƘIN WAƊANDA YAƘI YA CI DA WAƊANDA YA BARI

 

Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, kun sani kowace shekara ran 15 ga watan Janairu hukuma takan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Da can ran 11 ga Nuwamba ake yin sa, watau ranar da aka tsagaita wuta a yaƙin duniya na farko cikin 1918, daga baya aka mayar da shi ranar da yaƙin basasar ƙasarmu ya ƙare cikin 1970. A ranar akan ga manya suna ajiye furanni, a harba bindiga, a saki tantabaru. Mutane da yawa sukan tambayi malamai ko wannan ya halatta, gardama kuwa takan yi tsawo. Abin da na sani shi ne fure ba ya isa ga mamaci, addu'a da sadaka da biyan bashi su ne suke isa gare shi. Amma ina tsoron kada mu ƙare ƙarfinmu a kan maganar fure, mu bar wajibin da shari'a ta ɗora mana game da waɗanda yaƙi ya ci da waɗanda ya bari. Wannan wajibi shi ne darasinmu na wannan mako.

Mu fara da Uhudu, domin a nan ne Musulmi suka fara ɗanɗana babbar asara. An yi wannan yaƙi cikin watan Shawwal, shekara ta 3 bayan Hijira, aka kashe Musulmi wajen 70, alhali a Badar 14 kaɗai aka rasa. Cikinsu akwai Hamza, baffan Manzon Allah (S.A.W.), da Mus'abu ɗan Umairu, wanda shi ne malamin farko da aka aika Madina ya karantar da Alƙur'ani. Mus'abun nan a Makka babu saurayin da ya kai shi ado da jin daɗi, amma ran da ya faɗi ba a sami abin da za a rufe shi da shi ba sai mayafi guda, wanda in an ja shi kan kai ƙafafu su fito, in an ja shi kan ƙafafu kai ya fito. Annabi ya yi umurni a rufe kansa, a sa ciyawar izhir a ƙafafunsa. Aka binne su da tufafinsu ba wanka, mutum biyu a kabari ɗaya, ana gabatar da wanda ya fi haddar Alƙur'ani.

Sahabbai ba su manta da wannan rana ba. Buhari ya ruwaito cewa bayan duniya ta buɗe wa Musulmi, an kawo wa Abdurrahman ɗan Aufu abinci yana azumi, sai ya tuna Mus'abu da guntun mayafinsa, ya tuna Hamza, ya yi ta kuka har ya bar abincin, yana tsoron kada a ce an gaggauto masa da ladansa tun nan duniya. Shi kansa Manzon Allah, shekara takwas bayan yaƙin, gab da wafatinsa, ya fita ya yi wa mutanen Uhudu addu'a kamar mai ban kwana da rayayyu da matattu. Saboda haka tunawa da waɗanda suka ba da ransu, da ambaton sunayensu da alheri, da ziyartar kaburburansu don addu'a da wa'aztuwa, duk suna da asali mai ƙarfi.

To, amma a lura da inda wahayi ya fi nauyi bayan Uhudu. Matar Sa'adu ɗan Rabi'u ta zo wurin Annabi da 'ya'yanta mata biyu, ta ce ubansu ya yi shahada tare da shi a Uhudu, ga shi baffansu ya kwashe dukiyar duka bai bar musu kome ba, ba kuwa mai aurensu in ba su da abin hannu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa a kan wannan ƙara ayar gado ta sauka, watau aya ta 11 ta Suratun Nisa'i. Annabi ya aika wa baffan, ya umurce shi ya ba 'yan matan sulusi biyu, ya ba uwarsu tumuni, abin da ya rage nasa ne. In muka buga lissafi da kuɗin yau, a ce marigayi ya bar naira 2,400,000, 'yan matan za su ɗauki 1,600,000, uwarsu 300,000, baffa 500,000. Da kuwa akwai ɗa namiji ko guda, ko mahaifin marigayin yana raye, da baffan bai sami ko kwabo ba.

Jama'a, wannan ƙara ba ta tsufa ba. Yau in soja ko ɗan sanda ya rasu a bakin aiki, akwai haƙƙoƙin da hukuma take biya, kuma akan biya su ta hannun wanda marigayin ya rubuta sunansa a takarda ran da aka ɗauke shi aiki. Sau da yawa yaro yakan shiga daffo yana saurayi, ya rubuta sunan wansa ko ƙanen mahaifinsa, daga baya ya yi aure ya haihu bai sake takardar ba. In ta Allah ta kasance, sai wanda aka rubuta ɗin ya karɓi kuɗin ya ce ai hukuma shi ta ba. Wannan kuskure ne babba, in ma ba a kira shi zalunci ba. Rubuta sunanka a takarda ya mai da kai amintaccen karɓa ne kurum, bai mai da kai magaji ba. Duk abin da marigayin ya cancanta saboda aikinsa, kamar ragowar albashi da abin da aka tara masa na fansho, dukiyarsa ce, ana fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan a raba wa magada yadda Allah ya yanka. Abin da kuwa hukuma ko wani mai alheri ya ware da sunan marayun, kamar kuɗin makaranta, nasu ne su kaɗai. Wanda ya taɓa shi ya koma ya karanta aya ta 10 ta wannan sura, inda aka kwatanta cin dukiyar maraya da cusa wuta a ciki. Ina kuma jawo hankalin 'ya'yanmu da suke cikin kaki: wanda ya yi iyali ya je ya gyara takardarsa tun yana da rai.

Maganar bashi kuwa kada a raina ta. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kome da kome ban da bashi. Abdullahi ɗan Amru ɗan Haramu ya faɗi a Uhudu ya bar wa ɗansa Jabiru 'yan'uwa mata masu yawa da bashi mai nauyi. Annabi da kansa ya tafi gonar dabinon Jabiru, ya nema masa sassauci wurin masu bin bashin, da suka ƙi ya zauna aka yi ta awo har aka biya kowa. A wata tafiya kuma ya sayi raƙumin Jabiru, da aka iso Madina ya ba shi kuɗin ya kuma mayar masa da raƙumin. Dubi wannan ladabi na taimako, an cika wa yaro aljihu ba a zubar masa da mutunci ba. Ina wannan, ina tara zawarawa a rana a ɗauke su hoto da ƙullin shinkafa a hannu?

Sai matar da aka bari. Takabarta wata huɗu da kwana goma ne, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta yanka, mai ciki kuwa sai ta haihu. A mazhabarmu ta Malikiyya tana da haƙƙin zama a gidan mijin har ta gama takaba, in gidan mallakarsa ne ko ya riga ya biya hayarsa. Babu halin dangi su ce ta kwashe kayanta ran sadakar bakwai. In ta gama, neman aurenta da riƙe mata 'ya'ya sunna ce ta Annabi da manyan sahabbai. Abu Salama ya rasu saboda raunin da ya samu a Uhudu, Manzon Allah ya auri Ummu Salama da 'ya'yanta, suka tashi a ɗakinsa. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya faɗi a Mu'uta a shekara ta 8, Annabi ya shiga gidansa ya rungumi 'ya'yansa yana hawaye, ya ce a dafa wa iyalin abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su, daga baya Abubakar ya auri matar, Asma'u 'yar Umaisu, bayansa kuma Aliyu ya aure ta. Ayar ƙarin aure da mazajenmu suka haddace sarai, cikin maganar marayu ta zo, amma in an tashi aiki da ita ba a cika tunawa da mai marayu ba. A lura kuma, gidan makoki kai masa abinci ake yi. Mu kuwa yanzu mukan taru mu cinye ɗan abin da ya rage a rumbun mamaci da sunan zaman makoki.

Akwai wata mace da ta fi bazawara shiga uku, ita ce wadda mijinta ya ɓace, ba gawa ba labari. Yaƙin arewa maso gabas, wanda ya faro tun 2009, da ta'asar 'yan bindiga a dazuzzukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, sun bar irin waɗannan mata da yawa. Malamanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Risala ta Ibn Abi Zaidi ta ce wanda ya ɓace a ƙasar Musulmi ana yanka wa matarsa shekara huɗu daga ran da ta kai ƙara aka gama bincike, sa'an nan ta yi takaba, ta yi aure in ta so. Muhtasar na Halilu ya rarrabe: wanda ya ɓace a fagen fama tsakanin Musulmi da kafirai shekara guda ce bayan bincike, wanda ya ɓace a faɗan da ya auku tsakanin Musulmi kuwa matarsa tana shiga takaba bayan an rabu da faɗan. Duk wannan fa in akwai abin ciyar da ita cikin dukiyarsa ne. In babu, tana da ikon neman rabuwa saboda rashin ci da sha. Wane babi ne ya dace da wace mace, wannan aikin alƙali ne, ba na dangi ko na mai unguwa ba. Abin da ya hau kanmu shi ne mu sanar da ita tana da ƙofa, mu kuma raka ta.

Yanzu mu juya ga waɗanda suka dawo da ransu. Da rundunar Mu'uta ta komo Madina, bayan Halidu ɗan Walidu ya janye ta da dabara daga gaban Rumawa, masu tarihi sun ce wasu mutane sun tarye su suna watsa musu ƙasa suna kiransu magudana. Annabi ya hana, ya ce su masu komawa fage ne in Allah ya so. Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya kare Annabi da hannunsa a Uhudu har hannun ya shanye, sahabbai kuwa suna ganin wannan hannu abin girmamawa ne. Umaru, Allah ya ƙara masa yarda, ya raba wa matan Madina tufafi, saura ɗaya mai kyau, aka ce ya ba matarsa, jikar Manzon Allah, ya ce a'a, Ummu Saliɗ ta fi cancanta, domin ita ce take ɗauko musu salkunan ruwa ran Uhudu. Shekaru sun shuɗe, amma Halifa bai manta da mai ɗaukar ruwa ba. Shi ne kuma ya kafa diwani, watau littafin da aka rubuta sunayen mayaƙa da iyalansu da abin da za a riƙa ba kowa daga baitulmali.

Mu auna kanmu da wannan ma'auni. A yaƙin duniya na biyu Turawa sun kwashi samari daga ƙasar Hausa, har da ƙasar Zazzau, suka haɗa su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Bama su yaƙi Japan daga 1943 zuwa 1945. Hausa ce ma harshen da ake ba da umurni da shi a rundunar Nijeriya. Sunayen barikokinmu har yau suna ba da shaida: barikin Chindit a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Myohaung da Arakan da Dodan a Ikko, duk daga wancan yaƙi aka samo su. Mutum nawa ne cikinmu suke wucewa ta ƙofar barikin Zariya suka san haka? Waɗanda suka mutu can, da yawansu ba a san kabarinsu ba, sai suna a jikin dutse a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, inda aka rubuta sunaye kusan 27,000. Na yaƙin farko ma ko wannan ba su samu ba, domin a 2021 hukumar da take kula da kaburburan sojan Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka rubuta na Turawa. A Senegal kuwa, ran 1 ga Disamba 1944, sojojin Afirka da suka dawo daga yi wa Faransa yaƙi suka nemi haƙƙinsu a sansanin Thiaroye, aka buɗe musu wuta.

Wannan na Turawa ke nan, namu fa? Mu da muka tashi a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan mun tarar da ragowar mutanen Bama sun tsufa, muka kuma girma tare da waɗanda suka dawo daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Wani yana gadi, wani yana masinja, wani ya koma gonar rake da ƙafa ɗaya. Akwai wanda ya dawo jikinsa lafiya amma ƙwaƙwalwa ta taɓu, ba ya barci, in ya ji ƙara sai ya zabura, yara su bi shi suna tsokana, manya suna dariya suna cewa ai tsohon soja ne. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, likitoci sun san shi, yana da magani, kuma sojojin da suke dawowa daga Borno yau suna zuwa da irinsa. Bayan yaƙin Handaƙu, a cikin masallacin Annabi aka kafa tantin Rufaida inda take jiyyar masu rauni, nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu don Annabi ya riƙa duba shi daga kusa. Masallatanmu na Juma'a suna da kwamitin gini da na lasifika, ban ga laifi ba in an ƙara da na duba irin waɗannan bayin Allah.

Wani zai ce, to Malam, duk wanda ya mutu cikin kaki shahidi ne? Buhari ya ƙulla babi musamman a kan cewa ba a yanke wa wani mutum shahada, domin niyya Allah kaɗai ya san ta. Muna kyautata zato, muna fata, ga wanda ya mutu yana kare rayuka da dukiya da mutuncin jama'a, kamar Laftana Kanar Muhammad Abu Ali da ya faɗi a Malam Fatori ran 4 ga Nuwamba 2016, da ɗaruruwan ƙananan sojoji da 'yan sa-kai da ba a buga sunansu a jarida ba. Amma haƙƙin maraya ba ya jiran wannan hukunci. Haka nan sojan da ba Musulmi ba, wanda ya baro garinsu ya zo ya mutu yana tsare ƙauyen Musulmi, yana da haƙƙin godiya da kyautata wa iyalinsa. Annabi ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya nuna ai rai ce. Kuma yaƙi ba soja kaɗai yake ci ba. Yaƙin basasa ya fi cin yara ƙanana da yunwa ta kashe a gabas, ban da waɗanda aka kashe a garuruwan arewa cikin 1966 da na Asaba cikin 1967, waɗanda bai kamata son kai ya hana mu ambata ba. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin arewa maso gabas ya jawo mutuwar mutum wajen 350,000, mafi yawansu ta hanyar yunwa da cuta.

Game da ɗaukar darasi kuwa, Alƙur'ani bai rufa wa Musulmi asiri ba a kan Uhudu. Cikin Suratu Ali Imrana, aya ta 152 da ta 165, an gaya musu ƙarara cewa abin da ya same su daga kansu yake: maharba 50 da aka ajiye bisa dutse, yawancinsu suka saɓa umurni suka sauko neman ganima. An yabi matattu, an kuma faɗi kuskuren rayayyu, cikin sura guda. Da aka kashe mahaddata masu yawa a Yamama, Umaru ya matsa wa Abubakar har aka sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara Alƙur'ani wuri ɗaya, asara ta haifi gyara. A ƙasarmu ma jama'ar Shehu Usmanu sun rasa mahaddata wajen 200 a Tsuntsuwa cikin 1804, malamansu kuwa suka rubuta abin da ya faru ba su ɓoye ba. Saboda haka in an yi kuskure irin na Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa bom kan masu Mauludi ran 3 ga Disamba 2023 aka rasa aƙalla mutum 85, neman a bincika, a biya diyya, a gyara aiki, ba cin mutuncin soja ba ne, bin tafarkin Alƙur'ani ne. Samarin da suke zaune a Facebook suna kiran a yi ta ta ƙare, waɗanda ko ƙaurin albarushi ba su taɓa ji ba, su sani Annabin da ya halarci Badar da Uhudu shi ne ya hana burin haɗuwa da abokan gaba, ya ce a roƙi Allah lafiya.

Mu mutanen wannan yanki ba sai mun je nesa ba. Ran 1 ga Satumba 2023 'yan bindiga suka shiga Saya-Saya a ƙasar Ikara lokacin sallar lisha, suka kashe mutum 7, yawancinsu a cikin masallaci. Kowannensu ya bar gida. Ga kuma waɗanda suka gudo daga yamma suka rakuɓe a garuruwanmu, ba gona ba rumbu. Bikin 15 ga Janairu yakan zo daidai lokacin da aka gama kaka, masara da dawa suna rumbu. Nisabin zakkar hatsi wasƙi 5 ne, watau sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga na ban ruwa da wahala. Maraici kaɗai ba ya cikin sinfi takwas na masu karɓar zakka, amma maraya matalauci, da bazawara marar mai ciyarwa, da wanda bashi ya danne, da baƙon da guzuri ya yanke masa, duk suna ciki. A mazhabarmu kuwa ana raba zakka ne a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai in na can sun fi buƙata. Limami da mai unguwa sun san gidajen, a tambaye su kafin a ɗaure buhunan.